Wanda Ya Shiga Ƙarshe

Shafi na 31

Masu aiko mini da saƙo kan in tausaya wa Inna, na ji ku, kuma ni ma tausayinta nake ji. Sai dai ba ni na tuƙa jirgin ba, labari kawai nake ba ku. Wadda ba ta ci abinci ba ta je ta ci kafin ta fara karantawa.

*

Inna ce ta dage sai an kai ta asibitin bariki. Tun da aka ce Tsito ya farfaɗo ta yafa mayafi ta zauna a bakin gado da ledar lemu a cinya, ta ce in an ga ta tashi daga nan to mota za ta shiga. Tsito abokin Auta ne, tare suka shiga soja, tare aka tura su daji. Yana cikin mutanen da Kyaftin ya kwaso a jirginsa mai saukar ungulu ranar da aka yi wa rundunarsu ƙawanya. Auta kuwa, ƙanin Kyaftin, ɗan lelen Inna, tun daga ranar ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Abin da manya suka gaya wa Kyaftin shi ya kai mata gida. Auta ba ya cikin waɗanda suka iso filin da jirgi ya sauka, wataƙila ya bi wasu sun ɓulle ta wani gefen dajin. Inna ta karɓi maganar hannu bibbiyu. Duk wanda ya zo jajanta mata sai ta ce ai yaron bai zo wurin ba ne, da ya zo da yayansa bai baro shi ba. Da ma a kan haka ta yarda Auta ya sa kaki, wai tunda yana da wa a sama ba za ta hana idonta barci ba. Kyaftin yakan ji tana faɗa daga falo, ya ji ƙirjinsa ya ɗan yi sanyi, domin shi ma abin da ya yarda da shi ke nan.

Malamar jinyar da suka tarar irin waɗanda ko ranar biki ba sa sakin fuska ce. Ta ce mutum ɗaya-ɗaya ake shiga, kuma ba a daɗewa. Kyaftin ya zaunar da Inna da matarsa a kan bencin baranda, ya ce bari ya fara leƙawa ya ga ko yaron na iya magana.

Tsito ƙato ne na gaske, sunan ne kawai abokai suka cuce shi da shi. Amma yau gadon ya yi masa yawa. Ƙafarsa ta hagu na rataye cikin farin bandeji, leɓensa ya tsattsage, ga robar ruwa a hannu. Da ya ga Kyaftin sai ya yunƙura zai sara masa, Kyaftin ya dafa kafaɗarsa ya mai da shi. Yaron ya yi ta godiya har da hawaye, ya ce da suka ji ƙarar farfela a sama wasu har sujada suka yi a cikin ƙura. Kyaftin ya ce Allah ne ya yi, ya tambaye shi jiki, yana ta juya yadda zai sako zancen da ya kawo shi. Tsito ya hutar da shi.

"Yallaɓai, wane ɗaki aka kwantar da mutumina? Na tambayi malamar nan ta ce ba ta san shi ba."

"Wane mutumin naka?"

"Auta mana. Ko shi bai ji ciwo ba, an sallame shi?"

Kyaftin ya ja kujerar roba ya zauna. Ya ce wa yaron a hankali zazzaɓi ne ke ruɗa shi, Auta bai iso filin ba.

Tsito ya ɓata rai kamar an ce masa maƙaryaci a gaban jama'a.

"Haba Yallaɓai. Shi fa ya tura ƙafar nan tawa ciki da ta ƙi shiga. Shi ne na ƙarshe, ya zauna a bakin ƙofa ƙafafunsa na lilo. Har ya sunkuyo ya ce mini, ka kwantar da hankalinka, Yaya ne ke tuƙi. Daga nan ban sake sanin inda kaina yake ba."

Kyaftin bai san lokacin da ya miƙe ba. Bai bi ta baranda ba, ya bi ta ƙofar baya wadda ake fitar da kwandon shara. Wallahi a lokacin ya manta da cewa ya bar wata tsohuwa a kan benci.

*

Rumfar jirage ba ta da nisa da asibitin, amma rana ta take tsaka, kwalta na ƙona tafin takalmi. Ciki warin mai ne da na ƙarfe mai zafi. Kanikawa sun tafi cin abinci, sun bar tsani a jingine da rediyo na ta surutu shi kaɗai. Jirgin Kyaftin na can ƙurya, farfelarsa ta sunkuyo, an lilliƙe hujojin harsashin da ke gefensa da faci mai sabon fenti.

Saje na durƙushe a cikin jirgin yana shafa wa layin ƙofa man giris.

Duk wanda bai taɓa shiga irin jirgin nan ba, bari in gaya masa. Matuƙi ba ya ganin bayansa. Idonsa na gaba, hannuwansa biyu da ƙafafunsa biyu duk suna aiki, ko ƙaiƙayi ya ji sai dai ya haƙura. Abin da ke faruwa a baya mai ƙofa ne ke gani, shi ke shigar da mutane, shi ke cewa a tashi ta abin maganar da ke kunnensu. In ya ce lafiya, to lafiya ce. Shekaru da dama ke nan Saje ne mai ƙofar Kyaftin. Ya san gidansu, ya ci abincin Inna, ya san Auta tun yana yawo da gajeren wando. Tun ranar da aka dawo kuwa yake zille wa Kyaftin, yau ciwon ciki, gobe an aike shi sito. Kyaftin ya ɗauka gajiya ce.

Saje ya ɗago, ya ga fuskar maigidansa, sai ya ajiye gwangwanin giris ɗin a hankali. Bai ma yi ƙoƙarin sarawa ba.

"Tsito ya farka," in ji Kyaftin.

"Na ji, Yallaɓai."

"Ya ce ƙanena ya shiga jirgin nan."

Saje ya shiga goge yatsunsa da tsumma, ɗaya bayan ɗaya, kamar wanda za a duba wa farce.

"Saje, kai nake tambaya. Ya shiga ko bai shiga ba?"

"Ya shiga."

"To ina yake?"

"Ya sauka."

Kyaftin ya haura cikin jirgin ya ci kwalarsa, ya haɗa shi da bango har bel ɗin kujeru suka yi ƙara. Saje ya girme shi nesa ba kusa ba, gashin kansa ya fara fari, amma bai ɗaga hannu ba. Ya dai ce a sake shi zai yi bayani, in ya gama Yallaɓai ya yi masa duk abin da ya ga dama.

Ya fara da abin da Kyaftin ya riga ya sani. Zafin ranar ya yi yawa, iska ta yi sakayau, ba ta riƙe farfela. Mutanen da suka tarar sun fi waɗanda aka ce musu yawa. Jirgi ya ɗaga kaɗan ya koma ya zauna, ya sake ɗagawa ya sake zama, ga harbi na matsowa ta bakin bishiyoyi. Kyaftin ya ce a rage masa nauyi. Saje ya watsar da akwatunan harsashi, ya watsar da jarkokin ruwa, jakunkuna, har da gadon ɗaukar majinyaci wanda ba kowa a kai. Duk da haka jirgin ya ƙi.

"Sai ka ce me, Yallaɓai?"

Kyaftin ya sassauta riƙon.

"Ka tuna. Da bakinka ka faɗa, a kunnena ya sauka."

"Na ce mutum ɗaya."

"Ka ce, Saje, sauke mini mutum ɗaya ko mu mutu duka. Kuma gaskiya ka faɗa."

Akwai ƙa'idar da ba a rubuta ta a ko'ina ba, amma duk mai tashi a jirgin nan ya san ta. In har sai an sauke mutum, ba a taɓa mai rauni, ba a duba girma, ba a duba wanda ya fi nauyi. Wanda ya shiga ƙarshe shi ke sauka. An yi haka ne don kada mai ƙofa ya zaɓa, kada kuma wani ya kwana da cewa shi ya nuna ɗan'uwansa da yatsa. Matuƙi kuwa ba ya waiwayawa, ba ya tambayar wane ne, ko a ranar ko bayanta. Kyaftin da kansa ya sha koya wa sababbin matuƙa wannan, yana faɗa yana kurɓar shayi.

Saje ya ce shi bai san ko wane ne ba. Soja ne kawai cikin ƙura, ya naɗe fuska da ƙyalle, yana zaune a bakin ƙofa. Ya dafa shi ya nuna masa ƙasa. Yaron ya kalle shi, ya gane abin da ake nufi, sai ya janye ƙyallen.

"Na ce innalillahi, Auta, kai ne? Ya jawo kaina ya sa bakinsa a kunnena saboda ƙara. Ya ce, Baba Saje, kada ka gaya masa. In ya sani ba zai tashi ba."

"Sai ka bar shi."

"Sai ya dira, Yallaɓai. Ban tura shi ba. Da ƙafarsa ya dira."

"Me ya hana ka sauka kai?"

Duk tsawon maganar sai a nan Saje ya kau da kai. Ya ce ya yi tunanin hakan, Allah ne shaidarsa ya yi. Har ya kai hannu kan ƙugiyar bel ɗin da ke ɗaure da shi a jikin jirgi. Amma hannun ya ƙi buɗe ta. Ya ce zai iya cewa don majinyata ne, ko don ba mai riƙe bindigar ƙofa in ya sauka, kuma kowa zai yarda. Amma ba shi ba ne. Tsoro ya ji, ya tuna 'ya'yansa mata, ya ji ba ya son mutuwa a wannan filin.

Kyaftin ya sake shi gaba ɗaya. Ya so a ce ƙarya mutumin ya yi masa, da ya sami abin duka.

Abin da ya dawo masa a lokacin shi ne ya fi komai ciwo. Ya tuna yadda jirgin ya yi sauƙi a hannunsa farat ɗaya, kamar an sauke wa jaki kaya. Ya tuna Saje ya ce ƙofa lafiya, tashi. Ya tuna daɗin da ya ji har cikin ƙashinsa da ƙafafun jirgin suka rabu da ƙasa, ya ce alhamdulillahi da ƙarfi, har mataimakinsa ya buga masa kafaɗa. Ashe nauyin ƙaninsa ne ya yi wa hamdala.

Ya zauna daɓas a bakin ƙofar, ƙafafunsa a waje. Can ya ce akwai abin da bai gane ba. Auta ba rago ba ne, a gudu ko a makaranta ba a wuce shi, kuma ba shi da rauni. Ta yaya aka yi ya zama na ƙarshe?

Saje ya ce a bar wannan.

"Faɗa mini."

"Yallaɓai, abin da ka ji ya isa haka. Ka bar sauran."

"Umurni nake ba ka."

Saje ya ja dogon numfashi. Ya ce da farko yaron na gaba-gaba a layi, shi ya ɗauko Tsito a kafaɗa har bakin ƙofa. Sai ya ajiye shi ya fita daga layin da gudu, ya zagaya ta gaban jirgi.

"Ka tuna wani soja da ya zo ya buga maka gilashi da tafin hannu? Yana ɗaga hannu yana tsalle?"

Kyaftin ya tuna. Ya ga mutum cikin ƙura, fuska a naɗe, ya tsaya a gaban hancin jirgi a lokacin da kowane numfashi ke da tsada. Ya kore shi da hannu kamar ana korar kaza daga kan shanya.

"Na ce wane sakarai ne wannan," ya faɗa, muryarsa can ƙasa.

"Haka ka ce. Na ji ka. Zuwa ya yi ya nuna maka yana raye. Kafin ya zagayo kowa ya shige."

Rediyon kanikawa na ta tallan sabulu. Kyaftin ya sa kansa tsakanin gwiwoyinsa, ya yi irin kukan da ba ya fitar da sauti, kafaɗu kawai ke rawa. Mutumin da ya sha sauka a tsakiyar wuta hannunsa bai girgiza ba, yau ya kasa share majinarsa. Saje ya tsaya a kansa da tsumman giris a hannu, ya rasa ko ya dafa shi ko ya ƙyale shi.

Da Kyaftin ya ɗan lafa ya tambaya ko an koma filin.

Saje ya ce suna sauka ya ruga ya gaya wa Kwamanda. Kwamanda ya ce kada Kyaftin ya ji, domin matuƙa sun yi ƙaranci, akwai sauran wuraren da za a kwaso mutane, kuma ba a ba wanda zuciyarsa ta karye jirgi. Washegari aka tura wani jirgin ya duba filin. Sun ga akwatunan da aka watsar an kwashe, sun ga sawun motoci sun shiga sun fita. Ba su ga gawa ba, ba su ga mai rai ba.

"Ke nan kama shi suka yi."

"Ban sani ba, Yallaɓai."

"Ko ya tsere."

"Ban sani ba. Abin da na gani na ƙarshe, muna ɗagawa, ya durƙusa a bayan wani dutse ya gyara bindigarsa. Bai kalli sama ba."

Kyaftin ya miƙe ya ce a zuba wa jirgi mai, yanzu zai tashi. Saje bai motsa ba. Ya tuna masa cewa an kwance wani sashe na injin tun shekaranjiya, ga shi can a kan tebur, kuma ko lafiyarsa ƙalau ba mai buɗe masa hanya ba da izinin Kwamanda ba. In ma ya je, ina zai sauka, wa zai tambaya? Kyaftin ya san duk wannan, ya fi Saje sani. Ya tsaya yana kallon kujerarsa ta cikin gilashin da aka wanke tas, ba ko alamar tafin hannu a jiki.

Wayarsa ta yi ta rawa a aljihu tun ɗazu bai kula ba. Da ya ciro ya ga matarsa ce. Sai a lokacin bencin ya faɗo masa a rai.

"Baban yara, ina ka shiga ne? Malamar ta gaji da jiranka ta ce Inna ta shiga. Ta daɗe a ciki, yanzu ta fito. Ka zo, don Allah ka zo da sauri."

Ya tambaye ta ko kuka Inna ke yi. Ta ce a'a, ba kuka ba ne, shi dai ya zo.

*

A hanya ya shirya maganganu iri-iri, kowace ya ɗauko sai ta watse. Ya ce zai kai ta gida tukuna. Ya ce zai kira ƙaninta ya zo a gaya mata tare. Ya roƙi Allah ya sa Tsito ya koma barci kafin ta shiga, ko da yake ya san roƙon ya makara.

Tun daga farkon baranda ya hango ta. Tana tsaye, tsohuwar da sai an kama ta take tashi daga tabarma. Mayafinta ya zame zuwa kafaɗa ba ta gyara ba. Ta raba wa masu jinya lemun da ta kawo, ta riƙe hannun malamar nan mai ɗaure fuska tana sa mata albarka. Matarsa na gefe ta toshe baki da gefen gyale, idonta a kansa, domin ita ta karanci fuskarsa tun daga nesa.

Rabon da ya ga haƙoran Inna tun kafin a tura Auta daji. Ta taho da saurinta, ta kama fuskarsa da hannu biyu kamar yana yaro, ba ta ma lura da jan idonsa ba.

"Yayan Auta, Allah ya yi maka albarka. Ashe ka ɗauko shi ka ɓoye mini? Tsoro kake kada in ga ciwonsa hankalina ya tashi, ko? Ai ni uwa ce, ko yaya ya koma ina so."



Ta saki fuskarsa ta kama hannunsa, ta juya tana duban ƙofofin da ke jere har ƙarshen baranda.

"Na rage masa lemu biyu. Wane ɗaki ne? Mu je ka kai ni."